Kyauta ce a Wurinmu, Haja ce a Wurin Kwastan

Da wuya a sami gida a zangunanmu, daga Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra har zuwa Aboabo da Asawase a Kumasi, wanda ba shi da ɗa ko ƙane ko suruki a ƙasashen Turawa. Wasu suna unguwar Bronx a birnin New York, wasu a Landan, wasu a Italiya, wasu kuma a Hambug ta Jamus, garin da aka ce daga sunansa ne mutanen ƙasar nan suka samo kalmar nan ta "boga" da ake kiran wanda ya dawo daga Turai. Su suna aiko mana da kuɗi da tufafi da magani, mu kuma in azumi ya ƙarato ko Sallah ta matso, sai iyaye mata su shiga haɗa kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa, a kai shadda wurin tela a yi wa jika ɗinki, a ɗaure a kwali a nufi gidan waya.

Abin da ke biyo baya ne ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan wata. Sau da yawa bayan mako uku ko huɗu sai a bugo waya daga can a ce ƙunshi ya iso, amma an riƙe shi sai an biya kuɗi, ko kuwa an buɗe an cire wani abu an ƙone. Nan take sai ran tsohuwa ya ɓaci, ta ce, "Ai kyauta ce, ni ba ciniki na yi ba, kuma na biya kuɗin aikawa cif." Gaskiyarta ne ta wani ɓangare. Sai dai kuɗin da ta biya a gidan waya na ɗaukar kaya ne kawai. Harajin shiga ƙasa daban yake, kuma a mafi yawan ƙasashe wanda aka aika wa shi ake bi.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu in muka tuna. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro sun san kuɗin fito, domin kowane kogi da kowace ƙasar sarki da ayari zai ratsa sai madugu ya zauna an yi ciniki an biya. Wannan suna ne har yau muke kiran harajin kwastan da shi. Bambancin kawai, madugu yana iya roƙo a rage masa, ƙunshin da ke kwance a ɗakin ajiya a Frankfurt kuwa ba shi da bakin magana sai 'yar takardar da aka manna a jikinsa.

Me kwastan ke nufi da kyauta?

A al'adarmu duk abin da ka ba mutum ba ka karɓi ko kwabo ba, kyauta ne. Dokokin kwastan na ƙasashen da 'yan'uwanmu suke sun fi haka ƙunci. Kusan dukkansu sun haɗu a kan sharuɗɗa iri ɗaya: mutum ne zai aika wa mutum, ba kanti ko kamfani ba, wanda aka aika wa bai biya kome ba, abin na amfanin kansa ne ko iyalinsa, kuma ba kullum ake aikawa ba, sai lokaci lokaci, kamar Sallah ko suna ko aure. Saboda haka in ɗanka ya turo kuɗi ya ce a sayo masa hula goma a aika, wannan a wurinsu saye ne. Haka kuma in Hajiya ta zuba turmi goma sha biyu na atamfa iri ɗaya ta rubuta kyauta, jami'in da ya buɗe zai ce wannan kayan kasuwa ne, kuma mu faɗi gaskiya, sau da yawa ya canka daidai.

Bayan an cika waɗannan sharuɗɗa, sai maganar daraja. Kowace ƙasa ta yanka iyaka, kuma iyakokin ƙanana ne ƙwarai. A Ingila fam 39 ne. A ƙasashen Tarayyar Turai, wato su Jamus da Italiya da Holan da Faransa da Sifen, yuro 45 ne. A Kanada dalarsu 60. A Amurka dala 100 ga mutum ɗaya a rana ɗaya.

To, bari mu yi lissafi irin na aji. A ce an ɗinka wa wani babbar riga da ta kai fam 60 aka aika masa Landan. Ta wuce fam 39, saboda haka harajin VAT na Ingila, kashi 20 cikin ɗari, ya hau kanta. Kuma ba a kan fam 21 da ya yi sama za a lissafta ba, a kan fam 60 ɗin gaba ɗaya ne, wato fam 12. Sa'an nan gidan wayar Ingila, Royal Mail, yana da nasa ladan na shigar da ƙunshi gaban kwastan, wanda ya daɗe a kan fam 8. Ka ga mai riga zai fitar da fam 20 kafin ya ga kalar zaren da aka yi masa aiki da shi, sulusin kuɗin rigar ke nan. In darajar kaya ta haura fam 135, sai kuɗin fito shi ma ya shigo bayan VAT. A Jamus kuwa, kyautar da ta wuce yuro 45 amma ba ta haura yuro 700 ba, akan yi mata kuɗin goro na kashi 17.5 cikin ɗari, wato ƙunshin yuro 100 zai ci yuro 17 da rabi. Amurka ma haka take: in kyauta ta ɗara dala 100 ko da kaɗan ne, dukkanta ake yi wa haraji. Kanada ce mai sassauci a nan, domin ita a kan abin da ya haura dala 60 kaɗai take karɓa.

Akwai wata ƙofa da doka da kanta ta buɗe, wadda mutanenmu da yawa ba su sani ba. Ingila da Amurka duka sun yarda a haɗa kyautar mutane da yawa a kwali guda, muddin an naɗe ta kowa daban, an rubuta sunansa a jiki, an kuma bayyana haka a takardar kwastan. Wato in gida yana da uba da uwa da yara uku, kowannensu yana da tasa iyakar. Maimakon a cusa kome wuri ɗaya a rubuta sunan maigida, sai a ƙulla biyar. Amma fa abu guda ba ya rabuwa. Ba za ka ɗauki agogon fam 100 ka ce na mutum uku ne ba.

A ganinmu waɗannan iyakoki sun tsufa. Dala 100 ta Amurka tun dokar 1993 take nan, yuro 45 kuma yana cikin dokar Tarayyar Turai ta 2009 kuma ba a taɓa shi ba tun daga lokacin, alhali kowa ya san yadda farashin yadi da ladan tela suka tashi. Abin da ya isa kayan Sallar yaro da na uwarsa shekaru talatin da suka wuce, yau da ƙyar ya ɗauki shadda mai kyau ta mutum ɗaya. Amma mu ba mu da ƙuri'a a majalisunsu, sai dai mu san dokar mu bi ta inda ta fi sauƙi.

Abin da ya faru a 2025

Wanda ya saba aika kaya Amurka kafin 2025 zai ce shi bai taɓa jin an biya kome ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Tun 2016 Amurka ta ɗaga wata iyaka daga dala 200 zuwa dala 800, ta ce duk ƙunshin da bai kai haka ba, na saye ne ko na kyauta, ya wuce ba haraji. A ƙarƙashin wannan inuwa muka daɗe muna fakewa ba mu sani ba. Sai manyan kantunan intanet irin su Shein da Temu suka mai da ƙofar babbar hanya, har hukumar kwastan ta Amurka ta ƙirga ƙananan ƙunshi fiye da biliyan 1.3 a shekarar kuɗi ta 2024 kaɗai. Gwamnatin Shugaba Trump ta fara rufe ƙofar ga kayan Sin da Hong Kong ranar 2 ga Mayu 2025, sa'an nan ta rufe ta ga duniya duka ranar 29 ga Agusta 2025.

Abin da ya rikita gidajen waya shi ne, sabon umurnin ya ce a karɓi harajin tun kafin kaya su sauka, ba a bari sai mai karɓa ya zo ba, kuma yawancinsu ba su da tsarin yin haka. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern tun 1874, ta ba da sanarwar cewa gidajen waya na ƙasashe 88 sun dakatar da aika kaya Amurka gaba ɗaya ko wani sashi, kuma a ranar farko yawan saƙonnin da ke shiga ya faɗi da kimanin kashi 80 cikin ɗari. A watanni shida na farko an ba da zaɓin biyan kuɗi tsayayye, daga dala 80 zuwa dala 200 a kan kowane ƙunshi gwargwadon ƙasar da aka yi kayan. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun ɗanɗana, domin gidan wayarsu ya sanar a lokacin cewa mai aika kaya Amurka zai biya dala 80 tun a kanta.

Umurnin bai taɓa rangwamen kyautar dala 100 ba, ya bar shi yadda yake. Amma yanzu shi kaɗai ne inuwar da ta rage, saboda haka abin da aka rubuta a takarda ya zama da nauyin da ba shi da shi a da. Kuma kada wani ya zauna jiran a koma gidan jiya, domin majalisar Amurka ta riga ta zartar da doka a Yulin 2025 wadda ta soke rangwamen dala 800 ga kayan ciniki daga 1 ga Yuli 2027. Turai ma hanyar da ta bi ke nan. Tun 1 ga Yuli 2021 ta soke yafewar VAT da take yi wa kayan saye da ba su wuce yuro 22 ba, kuma bayan ƙananan ƙunshi biliyan 4.6 sun shiga Tarayyar a 2024, ƙasashenta suka amince a Disamban 2025 a sa yuro 3 a kan kowane nau'in kaya a irin waɗannan ƙunshi daga Yulin 2026. Ba da tsohuwar Nima ake wannan faɗa ba, amma ƙurar tana sauka a kan kwalinta.

'Yar takardar nan

Takardar da ake ba ka ka cika a gidan waya iri biyu ce, kuma iri ɗaya ce a duk duniya: CN22 ga ƙaramin ƙunshi mai ƙaramar daraja, CN23 ga babba. A da sai ƙunshi ya isa kafin wani ya karanta ta. Yanzu ma'aikaci yana shigar da bayanin a kwamfuta, ya riga kayan isa, domin Amurka da Tarayyar Turai duka sun wajabta haka. Ke nan kafin jirgi ya tashi daga Accra an riga an san ko za a buɗe kwalinka.

Mun lura da halaye biyu a wurin mutanenmu, kuma dukkansu suna jawo asara. Na farko shi ne rubuta kalma ɗaya, "kyauta" ko "kayan abinci" ko "tufafi", a wuce. Wannan gayyata ce ga jami'i ya sa wuƙa ya yanka kwali. Abin da ake so shi ne a faɗi kowane abu da sunansa da yawansa da kuɗinsa: rigar maza ta auduga guda 2, garin ganyen kuka rabin kilo, man kaɗanya kwalba 1. A rubuta da Turanci bayyananne, domin ba wanda ya san daddawa a Milan. In abin da aka saya a kasuwar Makola ƙirar Sin ne, a sani cewa wurin kwastan ƙasar da aka ƙera abu ita ce asalinsa, ba ƙasar da aka aiko shi ba.

Hali na biyu ya kasu gida biyu. Akwai mai rage kuɗi, ya aika leshin da kowa ya san tsadarsa ya rubuta dala 10. Jami'an nan kullum kaya suke gani, suna da ikon su yi watsi da abin da ka rubuta su sa nasu ƙiyasi, kuma ƙarya a takardar kwastan laifi ne da kan sa a ƙwace kaya. Ko ba a kama ba, in ƙunshin ya ɓace, da wane baki za ka nemi diyyar abin da ka ce dala 10 ne? Akwai kuma mai ƙara kuɗi, wanda shi abin dariya ne da ban tausayi: don kada surukai su raina, sai a rubuta dala 300 a kan kayan dala 80. An sayi girma a takarda, an bar yaro da biyan harajin kuɗin da ba a kashe ba. A ajiye rasiɗin kasuwa da na tela, a ɗauki hotonsu a waya a tura wa mai karɓa, domin in gardama ta tashi shi za a tambaya.

Abin da kuɗi ba ya fitarwa

Haraji dai in an biya an wuce. Akwai kayan da ko nawa za ka biya ba za su shiga ba, kuma abin takaici su ne waɗanda 'yan'uwanmu suka fi marmari. Tarayyar Turai da Ingila sun hana nama da madara da duk abin da aka yi da su shigowa daga ƙasashe irin namu a ƙunshin mutum, saboda tsoron cututtukan dabbobi. Kilishi ke nan, da dambun nama, da wagashi, da man shanu, har da shito in an sa masa nama. Amurka ma ba ta karɓar namanmu, naman daji kuwa babban laifi ne. Busasshen kifi da mai hayaƙi yana da sauƙi a Turai, an yarda da shi har kilo 20, zuma kuma har kilo 2. Ɗanyun 'ya'yan itace da ganyaye, tun Disamban 2019 Tarayyar Turai take neman takardar shaidar lafiyar tsiro a kansu, ban da guda biyar: abarba, kwakwa, ayaba, dabino da wani ɗan itacen Asiya mai suna duriyan. Aƙalla dabinon buɗa baki ya tsira.

Kwalli ma yana cikin jerin. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda da shi ba, domin an sha samun dalma a cikinsa, kuma a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoton wani jariri a Boston da aka sami dalma mai yawa a jininsa daga kwallin da aka kawo daga Nijeriya. Kakar da ke son ta aika wa jaririn da aka haifa a can abin sa wa a ido, gara ta aika hula da zane. Turare mai sinadarin barasa kuwa tun a nan za a tsayar da shi, domin yana kama wuta kuma ba a ɗaukarsa a jakar gidan waya ta jirgin sama. Masu haɗa humra su lura da abin da suka zuba a ciki. Garin magani da sassaƙe da aka ƙulla a leda ba suna ba bayani, kowa ya san kamannin da yake yi wa jami'in da bai taɓa ganinsa ba.

In kaya sun taso daga can

Hanya biyu ce, mu ma muna karɓa. Wanda aka aiko wa ƙunshi daga waje yakan sami takardar kira, ya je sashin ƙunshi na gidan waya, jami'in kwastan ya buɗe a gabansa. Tsofaffinmu har yau CEPS suke cewa, amma tun 2009 aka haɗe kwastan da sauran ma'aikatun haraji a ƙarƙashin hukumar tara kuɗin shiga ta ƙasa, GRA. Tun 2016 Ghana take aiki da jadawalin fito na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai matakai biyar: sifiri, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan da aka gama ƙerawa don amfanin yau da kullum, kamar tufafi da takalma, yawanci a matakin 20 suke. A kan wannan sai VAT na kashi 15, da harajin inshorar lafiya 2.5, da na asusun ilimi 2.5, da wasu ƙanana kamar rabin kashi ɗaya na ECOWAS. Mu da muka ga zanga-zangar Kume Preko a 1995, lokacin da jama'a suka tilasta wa gwamnati janye VAT kafin ya dawo a 1998 a kan kashi 10, mun san wannan haraji bai taɓa samun masoya ba. Harajin korona na kashi 1 da aka ɗora a 2021 dai an cire shi daga farkon 2026.

In jami'i ya yanke cewa kayan na biyan fito ne, ga yadda lissafin yake tafiya. Tufafin dala 200, fito dala 40. Sauran harajin ba a kan 200 ake ɗora su ba, a kan 240 ne, kashi 20 ɗinsa dala 48. An kai dala 88 ke nan kafin a zo ga ƙananan, kuma in an haɗa da kuɗin jigila a cikin darajar kayan, abin ya ƙaru. Da sidi za a biya, bisa canjin da kwastan ke aiki da shi a makon. Shi ya sa muke ba 'yan'uwa na waje shawara, in za su aiko wa tsoho ko gwauruwa kaya, su haɗo da kuɗin fitarwa ta waya, kada a bar mutum yana yawon rance don karɓar kyautarsa. Mai karɓa kuma ya nemi a nuna masa yadda aka yi lissafin, ya karɓi rasiɗin gwamnati na duk abin da ya biya, ya tafi da katin shaidarsa mai suna daidai da wanda ke jikin kwali. Wannan na ƙarshe yana ba mu wahala a zango, inda mutum yake Babangida ko Ɗanlami a gida amma Abdul Rahman a katinsa.

Ƙunshi ba ya zama a gidan waya har abada, a nan ko a can. In wa'adi ya cika ba a biya ba, ko dai a mayar da shi inda ya fito, wani lokaci a nemi mai aikawa ya biya kuɗin dawowa, ko kuma a ɗauke shi a matsayin abin da aka yi watsi da shi. Takardar rakiyar babban ƙunshi tana da gurbin da mai aikawa zai zaɓi ɗaya daga cikin biyun, kuma yawancinmu tsallake shi muke yi. A cika shi, a sa lambar wayar mai karɓa a jikin kwali, a tura masa lambar bin sawun ƙunshin ranar da aka aika. Kayan Sallah kuwa a fitar da su tun kafin azumi ya kama, domin kwalin da kwastan suka tsayar yana iya ƙara mako biyu ko uku a hanya.